Darasi Daga Haɗarin Ƙananan Jiragen Sama Biyu a Amurka

In ƙaramin jirgin sama ya faɗi, akan yi saurin ɗora wa inji laifi. Tarihin bincike kuwa ya nuna sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba.

Ran 3 ga Fabrairu, 1959, wani jirgi ƙirar Beechcraft Bonanza ya tashi da tsakar dare daga Mason City a jihar Iowa, ɗauke da mawaƙin nan Buddy Holly da abokansa biyu. Bai yi nisa ba ya faɗa cikin gona, duka huɗun da ke ciki suka rasu. Masu bincike suka gano matuƙin, ɗan shekara 21, ba shi da takardar izinin tuƙi da na'ura kaɗai, watau in duhu ya hana ganin ƙasa. Kuma ba a yi masa cikakken bayanin lalacewar yanayi ba.

Bayan shekara 40, ran 16 ga Yuli, 1999, ɗan Shugaba Kennedy ya tuƙa jirginsa cikin dare da hazo, ya faɗa Tekun Atlantika da matarsa da 'yar'uwarta. Ba a sami aibi a injin ba.

Dalili ɗaya ne. In ido ya rasa inda sama ta haɗu da ƙasa, kunnen ciki yakan ruɗi mutum, ya ji jirgi na tafiya daidai, alhali ya karkata yana gangarowa. Saboda haka ake horar da matuƙa su gaskata na'ura ko da jikinsu ya ƙaryata ta.