Cutar moyamoya da hoton ƙwaƙwalwa

Moyamoya cuta ce da ba kasafai ake samunta ba. Manyan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ne ke tsukewa sannu a hankali, sai ƙanana su tsiro a madadinsu. A hoto sukan fito kamar hayaƙi, shi ya sa likitocin Japan, Suzuki da Takaku, suka raɗa mata wannan suna a 1969.

Alamominta, irin su shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya, sun yi kama da na wasu cututtuka, don haka hoto ne ke bambancewa. Akan fara da MRI, sannan a tabbatar da hoton jijiyoyi bayan an zuba musu rini. Yara masu sikila na cikin waɗanda takan kama. Idan an gano da wuri, tiyata kan rage haɗarin shanyewar jiki.