Akori-kura: Tarihin Motar da Masu Ita Ke Ƙarasa Ƙerawa

A tashar kowace babbar kasuwar mako, ta Maigatari ce ko ta Wudil, da wuya a sami akori-kura biyu masu kama ɗaya, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su a shekara ɗaya. Wannan an ɗaga mata bodi da ƙarafan walda har sun wuce kan direba. Waccan an ƙara mata fallayen sifirin, idan ba kaya sai ka ga bayanta a ɗage. Wata na da tanki na biyu, wata an shimfiɗa mata katako saboda dabbobi. Idan direbobi suka zauna jiran lodi kuwa, hirar ba ta cika wuce nan ba: wace taya ce ke jure burji, wane mai walda ne aikinsa ba ya tsagewa, falle nawa ya kamata a ƙara kafin kaka.

Mai kallo daga nesa zai iya ɗaukar wannan a matsayin dabarar wanda ba shi da kuɗin sabuwar mota. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Ita wannan mota masu amfani da ita ne suka ƙirƙiro ta, kamfanoni suka bi sawunsu, kuma sama da shekara ɗari ke nan ana tafiya a haka. Hirar da ake yi a bakin gareji tsohuwar makaranta ce, kuma yau tana fuskantar abin da bai taɓa samun ta ba.

Manoma sun riga kamfani

Labarin ya faro ne daga karkarar Amurka. A 1908 kamfanin Ford ya fitar da Model T, mota mai araha da aka yi domin ɗaukar mutane. Manoman da suka saye ta ba su daɗe ba suka ga ba ta ishe su ba. Sai mutum ya kwance bayanta, ya kai wa kafinta ko maƙerin garinsu ya haɗa masa akwatin katako, ya riƙa ɗaukar madara da hatsi. Wasu sukan ɗaga tayar baya da jak, su zarga mata bel, ta juya musu injin yankan katako ko famfon ruwa. Ƙananan kamfanoni suka shiga sayar da kayan da za a mai da Model T motar kaya ko tarakta. Sai a 1925, bayan shekara 17 yana kallo, Ford ya fara sayar da tasa mai buɗaɗɗen baya daga masana'anta, a kan dala 281.

Irin wannan ya faru a Ostireliya. Labarin da ya shahara shi ne, a farkon shekarun 1930 matar wani manomi a jihar Biktoriya ta rubuta wa Ford wasiƙa tana neman mota ɗaya da za ta kai su coci ranar Lahadi, ta kuma kai aladu kasuwa ranar Litinin. Wani matashin mai zane, Lewis Bandt, shi aka ɗora wa aikin, motar ta fito a 1934. A nan ma buƙatar daga gona ta taso.

Hatta jan taya huɗu, wanda yau ake ganin kamar da shi aka haifi akori-kura, ya daɗe yana matsayin ƙari. Ban da 'yan ƙalilan irin su Dodge Power Wagon, wadda ta samo asali daga motocin soja na Yaƙin Duniya na Biyu, mai son motarsa ta shiga laka ko dusar ƙanƙara sai ya nemi kamfanoni irin su NAPCO da Marmon-Herrington su sauya mata ƙafa. Sai a ƙarshen shekarun 1950 Chevrolet da Ford suka fara sayar da masu jan taya huɗu kai tsaye. Tsarin bai sauya ba har yau: masu mota su gwada, abin ya yaɗu baki da baki, kamfani ya ɗauka ya sa masa suna da farashi. Ford Raptor ta 2010 ta kwaikwayi abin da masu tseren hamada a Kalifoniya da Meziko suka daɗe suna yi wa motocinsu ne.

Zamanin Fijo

A ƙasar Hausa, motar da ta kafa wannan al'ada ta Faransa ce. Peugeot ya fitar da 404 mai buɗaɗɗen baya a 1967, sannan masana'antar harhaɗa motocinsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa, gwamnati kuma ta mai da Fijo motar hukuma. Daga baya 504 ta gaje ta, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai.

Abin da ya sa ta karɓu a bayyane yake. Injinta na fetur ne mai kafireto, wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya da 'yan sifanu, ya wanke ya mayar. Tayoyin baya ke ja, ga sifirin na fallayen ƙarfe da ake iya ƙarawa ko ragewa. Ƙasanta a ɗage yake, ba ta tsoron gargada. Sunan da ta tafi da shi ma, akori-kura, mutane ne suka raɗa wa irin wannan mota, ba ya cikin takardar wani kamfani.

Jarrabawar gaske ta zo ne bayan 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye. Daga nan aka koma ga 'yan Kwatano da kuma raya tsofaffi. A wannan zamani ne ilmin bakin gareji ya bunƙasa ƙwarai. Masu walda a Panteka ta Kaduna da masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano suka zama kamar sashen bincike na kamfanin da ba ya biyan su. Aka gano wane inji ne zai zauna a wace mota, wane lagireto ne ya fi sanyaya inji a zafin bazara, yadda ake ƙarfafa shasi a daidai inda ya saba tsagewa. Ba a rubuta wannan ilmi a littafi ba. Yaron mota ya ji daga maigidansa, bakanike ya ji daga direban da ya dawo da ƙorafi, direba ya ji a majalisa. Wanda gyaransa ya ci amana a hanya, kafin kasuwa ta sake ci kowa ya sani.

Hamada ta zaɓi Toyota

Inda kwalta ta ƙare, rairayi ya fara, Fijo mai jan taya biyu ba ta da ƙarfi sosai. Nan motocin Japan suka karɓi fage. Toyota ya fitar da Hilux a 1968, ya ba ta jan taya huɗu a 1979, sannan Land Cruiser samfurin 70 ta fito a 1984. Duniya ta san abin da za su iya ne a arewacin Chadi a 1987, a yaƙin da har yau ake kira Yaƙin Toyota. Sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, sun girke makaman MILAN masu fasa tanka, waɗanda Faransa ta ba su, a bayan akori-kura. Da su suka ci Fada a watan Janairu, suka ci sansanin Wadi Dum a watan Maris, suka bar tankokin Libiya birjik a rairayi. Gudu da sanin ƙasa suka rinjayi sulke. Tun daga lokacin, akori-kura mai bindiga a baya ta zama abin da ake gani a kusan kowane rikici na Sahel, wato sauƙin sauyawar da ya amfani manomi shi ne ya amfani mai ɗauke da makami.

A Agadas kuwa, direbobin hanyar Dirku zuwa Sabha sun gina nasu ilmin. Suna sassauta iskar taya domin ta shimfiɗu a kan rairayi, suna ɗaure jarkokin ruwa da na mai a gefe, suna kafa sanduna a bakin bodi domin fasinjan da ya zauna ƙafafunsa na reto ya sami abin riƙewa. Da Nijar ta kafa dokar 2015-36 mai hana safarar baƙin haure, aka kama motoci da direbobi, sauran suka kauce wa sanannun rijiyoyi suka bi hanyoyi masu nisa da haɗari. An soke dokar a Nuwamban 2023. Wanda ya san karanta mota zai iya ganin doka da hanya da kasuwa a jikin abin da aka ƙara mata.

Abin da walda ba ta iyawa

Sai dai wannan makaranta tana da gurbi, kuma da rayuka ake biyan sa. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne su ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Ƙarin sifirin yana hana bayan mota durƙushewa, sai ido ya ga kamar ta ƙara ƙarfi. Amma birkin na da ne, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi na da ne, tayoyin ma haka. Idan nauyi ya ninka, zafin da birki zai shanye kafin mota ta tsaya shi ma ya ninka, shi ya sa yake ɗaukewa a doguwar gangara. Ɗaga bodi yana mai da nauyi sama, kwanar da mota ke sha lafiya da kayanta na ƙa'ida sai ta kifar da ita. Manyan tayoyi kuma suna sa allon gudu ya nuna ƙasa da gudun da ake yi, suna kuma ƙara wa giya da kulochi wahala.

Dalilin wannan gurbi shi ne, majalisa tana koyo daga abin da take gani kullum. Sifirin da ya karye ana ganin sa a mako, a gyara. Birkin da ya gaza sau ɗaya yake magana, sau da yawa kuma wanda zai ba da labarin ba ya dawowa. Ga kuma lissafin ciniki: kuɗin mai da na hanya kusan ɗaya ne ko buhu goma aka ɗauka ko ashirin, don haka direban da ya tsaya kan ƙa'ida shi ne zai koma gida da asara. Wa'azi a kan lodi ba zai yi tasiri ba muddin wannan lissafi na nan yadda yake.

Ƙwaƙwalwar mota

Babban sauyin da ke tafe daga cikin injin yake. Tun daga tsakiyar shekarun 2000, Hilux mai dizal ta koma tsarin da kwamfuta ke auna feshin mai da matsi mai tsanani. Irin wannan inji ya fi ƙarfi, ya fi tattalin mai, hayaƙinsa ya ragu. Amma gurɓataccen mai na iya lalata shi, kuma idan ya tsaya, kunne da sifana ba su isa su gano ciwon ba, sai an jona na'ura an tambayi ƙwaƙwalwar mota. Shi ya sa har yau masu aiki a daji ke neman Land Cruiser mai tsohon injin 1HZ na 1990, wanda famfonsa ba ya jiran umarnin kwamfuta.

A Amurka wannan batu ya kai ga akwatin zaɓe. A 2012 masu jefa ƙuri'a a jihar Masachusets suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanoni ba wa gareji masu zaman kansu bayanan gyara, suka faɗaɗa ta a 2020. Tambayar da suka amsa ta shafe mu kai tsaye: wanda ya biya kuɗin mota, yana da haƙƙin sanin abin da ke cikinta?

Motocin da ake sayarwa sababbi a Dubai da Turai yau, su ne za su yi jigilar kasuwannin ƙauye nan da shekara 15. Idan suka iso, za su tarar da ɗayan biyu: ko dai kanikawan da suka haɗa tsohon sanin hanya da karatun na'ura, ko kuma gareji cike da motoci lafiyayyu da ƙaramin waya ya kwantar. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi suna da abin yi a nan, kuma ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da asarar: na'urar bincike a kowane babban gareji, horo da Hausa, da darasi ɗaya a kan nauyi da birki da kowane mai walda zai sani kafin ya ƙara falle. Kamfanoni sun shafe ƙarni suna koyo daga masu akori-kura, domin da ɗan gari akan ci gari. Ko ɗan garin zai ci gaba da iya buɗe motarsa ya gane ta, wannan ya rataya a kan abin da aka koya wa yaran gareji na yanzu.