Karatun Kimiyyar Halittu a Jami'ar Kirista

Kimiyyar halittu, wato Bayoloji, ilimi ne na abubuwa masu rai: tsirrai, dabbobi, ƙwari, ƙwayoyin cuta da jikin mutum. Iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu suna ɗaukarsa kwas ɗin wanda bai samu gurbin likitanci ba. Ga ɗan Funtuwa ko Malumfashi kuwa, ilimi ne da ya shafi gonar gidansu kai tsaye.

Sharuɗɗan shiga

Digirin farko shekara 4 ne. Ana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, sannan jarrabawar JAMB. Jami'ar Kirista da aka fi sani a Arewa ita ce Jami'ar Bingham da ke Karu a Jihar Nasarawa, wadda ECWA ta kafa a 2005. Asibitin koyarwarta yana Jos.

Abin da ake koyo

Ɗalibi yakan fara da Kemistiri, Fiziks da Lissafi, sannan ilimin gado, ƙwayoyin cuta, tsirrai da muhalli. Akwai aikin ɗakin gwaji, koyon aiki a waje, da bincike a shekarar ƙarshe. Hukumar NUC ce ke tsara ma'aunin manhaja, don haka darussan kimiyya ɗaya ne da na jami'o'in gwamnati. Bambancin yana wajen sujada, tarbiyya da dokokin zama.

Amfaninsa a yankinmu

Wuta-wuta tana cinye dawa da masara. Tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 tana nan. Masara ko gyaɗar da ba ta bushe sosai ba tana yin funfuna mai dafi, wanda ke lalata hanta. Masu wannan ilimi ne ke neman mafita. Cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019. A shekarun 1970 kuma an yi babban bincike kan tsargiya a Malumfashi.

Bangaskiya da kimiyya

Farawa 2:15 ta nuna Allah ya ba mutum aikin noma gona da kiyaye ta, kuma ba a kiyaye abin da ba a sani ba. Gregor Mendel, wanda ya aza harsashin ilimin gado da gwajin wake a 1866, limamin ikilisiya ne. Ɗalibi zai haɗu da koyarwar Darwin kan sauyawar halittu, ko a jami'ar Kirista. Ya koye ta da kyau, ya kawo tambayoyinsa ga malamai masu bi da fastonsa. Kada a tsawata wa matashi domin ya yi tambaya.

Shawara ga iyaye

Kuɗin jami'a mai zaman kanta yana da nauyi. A yi lissafin shekara 4 gaba ɗaya kafin a sayar da gona ko shanu. Idan bai yiwu ba, ABU Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna koyar da wannan fanni, kuma akwai zumuntar ɗalibai Kirista a can. Bayan hidimar ƙasa, ana samun aiki a koyarwa, kamfanonin iri, cibiyoyin bincike da hukumomin lafiya.