Ado Ko Gargaɗi? Abin da Ya Kamata a Zana a Jikin Tankin Mai a Ƙasar Haɗeja

A shekarar 1971 kamfanin iskar gas na birnin Boston a Amurka ya bai wa wata mai zane, Corita Kent, aikin ƙawata wani ƙaton tankinsa da ke bakin babbar hanya. Ta shata masa zirin launuka shida. Lokacin ana tsaka da yaƙin Biyetnam, sai wasu suka dage cewa ta ɓoye fuskar Ho Chi Minh, jagoran Biyetnam ta Arewa, a gefen shuɗin zirin, ita kuwa ta musanta. Da aka rushe tankin a 1992, mutanen garin sun riga sun saba da zanen, don haka aka maimaita shi a jikin tankin da ke kusa. A 2008 kuma, a South Portland ta jihar Maine, an zaɓi Jaime Gili, ɗan asalin Benezuwela, ta hanyar gasa don ya zayyana tankunan man kamfanin Sprague. Irin wannan aiki ba ya rabuwa da jayayya. Masu goyon baya kan ce tun da tankin ya riga ya tokare wa kowa ido, gara a gyara masa fuska. Masu suka kuwa na ganin ana lulluɓe haɗari ne da fenti, suna kuma tambayar wa ya zaɓi mai zanen.

A nan gida, ƙaramar hukumar Guri ta ƙasar Haɗeja ba ta da manyan tankuna irin na daffon NNPC da ke Hotoro a Kano ko na matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011. Amma rayuwar fadama a yau rataye take a kan fetur. Injin ban-ruwa da manomin rani yake shayar da shinkafa da alkama da tattasai, babur ɗin da ke ratsa ƙauyuka in ruwa ya janye, injin niƙa, duk mai suke sha. Wannan man yana zuwa ne a cikin tankar da ke bin hanyar Kano zuwa Haɗeja da Nguru, a juye shi a gidajen mai, daga nan 'yan bumburutu su kai shi lungu cikin jarkoki. Tankinmu mai tafiya ne, yana ratsa tsakiyar kasuwa, yana kwana a bakin gari. Hujjar wannan maƙala ita ce jikin wannan tanki ya cancanci hannun mai zane, amma aikin farko da za a ɗora wa zanen shi ne gargaɗi da harshen da jama'a ke karantawa.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar bango a matsayin abin da ba ya magana ba. Tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, magina suke da sarauta da martaba. Fuskar zaure ita ke sanar da baƙo matsayin mai gida kafin ya yi sallama: dagi da zankwaye da shafen makuba. A tsakiyar ƙarni na 20 maginan Zariya sun shigar da keke da mota da jirgin sama cikin zayyanarsu, abin da Anthony Kirk-Greene ya rubuta a kai a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya faɗaɗa nazarinsa daga baya. Wannan ya nuna fasahar ba ta tsoron kayan zamani. Ta kuma san iyakarta, domin ƙyamar da malamai da yawa suke yi wa surar mai rai ta sa ta ƙware a ƙulli da layi da rubutu. Da siminti ya kori tubali, ɗabi'ar ta koma jikin manyan motoci, inda masu fenti ke rubuta addu'a da kirari da habaici, kowane direba da takensa.

Ke nan babu wanda zai ce zane a jikin tanki baƙon abu ne a nan. Abin tambaya shi ne me aka rubuta, kuma wa ake yi wa maganar. A jikin yawancin tankokin mai akwai sunan kamfani, da lambar waya, da gargaɗin wuta da Turanci. Mafi yawan masu tsayawa kusa da tankar in ta faɗi a ƙauye ba da Turanci suke karatu ba. Da yawa sun yi makarantar allo, ajami ne rubutun da idonsu ya saba da shi. Hukuma ma ta san haka, shi ya sa har yau takardun naira 200 da 500 da 1000 ke ɗauke da ajami, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Abin mamaki ne a ce an gane amfanin ajami wajen faɗa wa mutum darajar kuɗinsa, amma ba a gane shi ba wajen faɗa masa abin da zai kashe shi.

Daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar fetur ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, kan wannan hanya ta Kano zuwa Haɗeja. Mai ya malala cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 ne suka rasu, aka yi musu jana'iza a babban kabari. Wata uku bayan haka irin wannan ta auku a mararrabar Dikko a jihar Neja.

Mai suka zai ce mutanen Majiya sun san fetur na cin wuta, talauci ne ya tura su. Akwai gaskiya a nan, kuma ba ƙarama ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 1000 a lokacin hatsarin, jarka ɗaya ta zama abincin iyali na kwanaki. Fenti ba ya maganin yunwa, ba ya gyara hanya, ba ya tayar da direban da barci ya sace. Sai dai sanin cewa fetur na cin wuta daban yake da sanin yadda yake cin ta. Abin da ke kamawa shi ne tururin man, wanda ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, yana bin kwata da kwari ba tare da ido ya gan shi ba. Tartsatsi ɗaya daga salansar babur ko gogar ƙarfe da ƙarfe ya isa, ko da daga nesa ne. Don haka wanda ya tsaya kallo kawai, da wanda ya je janye ɗansa, suna cikin da'irar wutar. Wannan ilimi ne da hoto ɗaya da layi biyu na Hausa za su iya ɗauka, kuma tankar da ke wucewa ta gaban mutum kullum ta fi sanarwar rediyo ta mako guda daɗewa a idonsa.

Akwai kuma iyakar da kimiyya ta shata wa mai zane. Ba don rashin dabara ake shafa wa manyan tankunan fetur farin fenti ko ruwan azurfa ba. Fari yana mayar da hasken rana, launi mai duhu kuwa yana shan zafi, ya ƙara tururi da matsin iska a ciki. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, wanda ya lulluɓe tanki da baƙi ko shuɗi mai duhu don sha'awa ya ƙara haɗari ne. Saboda haka zayyanar da ta dace da mu ita ce ta layi a kan farin fage, wadda ba ta rufe alamun da 'yan kwana-kwana ke dubawa don sanin abin da ke ciki. Wannan kuwa shi ne salon da maginan Hausa suka fi ƙwarewa a kai tun asali.

Inda na raba hanya da masu son ado zalla shi ne batun wa ke da fuskar tankin. Mun ga abin da ya sami tankunan ruwa na rijiyoyin burtsatse a ƙauyukanmu, inda sunan ɗan siyasa da launin jam'iyyarsa kan mamaye jikin tankin da aka yi da kuɗin jama'a. In aka buɗe ƙofar ƙawata tankar mai ba tare da ƙa'ida ba, haka za ta kasance, ko ta zama allon talla.

Hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta sanar da hana tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga 1 ga Maris 2025, wato tana da ikon gindaya sharaɗi a kan siffar tanka. Ya kamata ita da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ƙungiyar masu motoci ta NARTO su wajabta gargaɗi da Hausar boko da ajami, tare da hoton da ke nuna tazarar da za a ba mota in ta faɗi, a kan duk tankar da ke shigowa Arewa. Masarautar Haɗeja da ƙananan hukumomi irin su Guri na iya fara nasu tun yanzu a bangayen gidajen mai da rumfunan 'yan bumburutu, su kuma ba masu fentin motoci na gida aikin, domin su ne suka san rubutun da ake iya karantawa daga nesa mota tana gudu.