Tarihin Lissafin Hulɗar Rukuni

Lissafin hulɗar rukuni reshe ne na ilimin sarƙar alaƙa, wanda ke nazarin yadda abubuwa uku ko fiye suke cuɗanya a lokaci guda, ba biyu-biyu ba. Asalin ilimin yana komawa shekarar 1736, lokacin da Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg. Daga aikinsa aka samo zanen ɗigo da layi: ɗigo shi ne mutum ko abu, layi kuwa alaƙar da ke tsakanin biyu. A kan wannan zane Erdős da Rényi suka ɗora nasu aikin a 1959, haka Watts da Strogatz a 1998.

Sai dai layi ba ya ɗaukar fiye da biyu. A ɗauki gayyar dashen shinkafa a gonakin Bakura masu shan ruwan madatsar Bakolori, inda mutum goma suka duƙufa a gona ɗaya. In za a zana su biyu-biyu sai an ja layi 45, kuma mai kallon zanen ba zai gane ko gayya guda aka yi ko haɗuwa 45 daban-daban ba. Taron kansa, wanda shi ne ya kammala aikin kafin azahar, ya ɓace daga takarda.

Bafaranshen nan Claude Berge ne ya tsara maganin a littafinsa na 1970: haifagiraf, zanen da layi guda ke iya kewaye ɗigo ko nawa ne. A Ingila kuma Ronald Atkin ya yi amfani da siffofin alwatika da danginsu wajen nazarin al'umma a shekarun 1970. Ayyukan biyu sun daɗe a hannun 'yan tsiraru, saboda babu wadatattun bayanai, kwamfutocin zamanin ma ba su da ƙarfi.

Abin ya farfaɗo da ƙarfi bayan 2010. A 2017 Grilli da Allesina da abokan aikinsu suka nuna cewa hulɗar rukuni na iya hana jinsunan halittu masu gasa kawar da juna. A 2019 Iacopini da Petri da Barrat da Latora suka nuna cewa in matsin rukuni ya shigo, ɗabi'a ko ra'ayi kan mamaye jama'a farat ɗaya maimakon sannu a hankali. Wannan sakamako ya cancanci kulawar duk mai yaƙi da jita-jita ko mai yaɗa sabon iri tsakanin manoma.

A ɓangaren koyar da na'ura, Zhou da Huang da Schölkopf sun gabatar da hanyar rarraba bayanai da haifagiraf a 2006. A 2019 Feng da Gao da abokansu a ƙasar Sin suka haɗa shi da ƙirƙirarriyar basira, ta yadda kowane ɗigo ke karɓar saƙo daga rukunin da yake ciki kafin na'ura ta yanke hukunci. Yanzu ana gwada wannan dabara wajen hasashen halayen sinadaran magani da ba masu saye shawarar kaya.

Babban cikas shi ne yawan rukunoni yana ninkuwa da sauri, kuma an fi rubuta wa ya haɗu da wa fiye da su wa suka taru. Ya kamata ɗaliban lissafi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau su shiga wannan fage, su fara da tattara bayanan ƙungiyoyin manoma da kasuwannin yankinsu.