Daga Ruwan Sukari Zuwa Kwalekwalen Dufuna: Tarihin Lissafin Wa'adin Rabi

1.0 Gabatarwa

Masana sinadarai sun daɗe da sanin abin da kan fito idan an haɗa wani sinadari da wani, sai dai ba su da ma'aunin saurin wannan sauyi. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka samo ma'aunin, har ya zama agogon auna tarihi.

2.0 Asalin Ƙa'idar

A shekarar 1850 ne wani Bajamushe, Ludwig Wilhelmy, ya zuba asid cikin ruwan sukari, ya riƙa auna yadda sukarin ke rikiɗewa. Ya gano cewa saurin rikiɗar ya danganta ne da yawan sukarin da ya rage: gwargwadon raguwarsa, gwargwadon lafawar saurin. Aikin nasa bai samu karɓuwa ba sai bayan shekaru fiye da 30. A 1884 van 't Hoff, mutumin Holan, ya rarraba irin waɗannan sauye-sauye aji-aji, sannan a 1889 Arrhenius na Suwidin ya fito da lissafin yadda zafi ke ƙara musu sauri.

3.0 Wa'adin Rabi

A 1900 Ernest Rutherford, yana Kanada, ya lura cewa ƙarfin wata iska da ke fita daga sinadarin toriyam yakan ragu da rabi cikin kimanin minti ɗaya. Ƙa'idar Wilhelmy ce ta sake bayyana. Wa'adin rabi shi ne lokacin da abu kan ɗauka kafin rabinsa ya rikiɗe: giram 80 ya koma 40, sannan 20, sannan 10, kowane zango tsawonsa ɗaya. Ana samun sa ta hanyar raba 0.693 da adadin da ke nuna saurin rikiɗar.

A 1949 Willard Libby na Amurka ya ɗora ƙa'idar a kan kabon-14, wanda kan soma raguwa a jikin itace da zarar ya mutu. Wa'adin rabinsa kimanin shekaru 5,730 ne.

4.0 Kammalawa

Da wannan lissafi aka auna kwalekwalen da aka gano a 1987 a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau. Ragowar kabon-14 da ke jikinsa ya gaza rabi amma ya zarce rubu'i, aka ƙiyasta masa shekaru kimanin 8,000. Ta haka gwajin ruwan sukari ya ba tarihin Afirka hujjar da ba ta dogara da rubutu ba.