Rediyo

rediyo (suna, namiji, jam'i: rediyoyi). Na'urar da ke kama shirin da tasha ta watsa ta iska, ta fito da shi magana ko kiɗa. Akan kira tashar ma da sunan, kamar Rediyon Kaduna.

Taransisto, da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, shi ya rage wa rediyo jiki har ya koma cin batir biyu, ana rataya shi a kafaɗa. Da haka ya isa rugagen da ba su san wutar lantarki ba. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, kuma har gobe mai shayi kan ja eriya da asuba, yana murɗa maɓalli a hankali, yana laluben gajeren zango.

Misali: Kunna rediyo, lokacin labarai ya yi.